Ranar da na kira sunan maigida gatsau

Ina wata na uku a birnin Incheon na Koriya ta Kudu na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A wurin da nake aiki, tsofaffin motoci muke lodawa a kwantena a tura ƙasashen waje. Maigidan dattijo ne, zai yi sa'an Baffana. Ya ba ni katinsa, na karɓa da hannu biyu yadda aka koya mini, na haddace sunan. Washegari a gaban ma'aikata na ɗaga murya na kira shi da ainihin sunansa, ko sakayawa babu. Ni a zatona duk ƙasar waje ɗabi'ar Turawa gare su.

Wurin ya yi tsit. Bai ce uffan ba, ya shige ofis.

Matar da ke riƙe mana lissafi ce ta ja ni gefe. Ta ce sajangnim ake ce masa, wato mai kamfani. Kim ɗin da ke farkon sunansa sunan dangi ne, kusan mutum ɗaya cikin biyar a Koriya ta Kudu Kim ne. Gaɓoɓi biyun da na furta su ne nasa, daga haruffan Sin da suke kira hanja aka zaɓo su, kowanne da ma'anarsa. Ta farkon, Dong, gabas take nufi, kuma ba shi kaɗai ke da ita ba: shi da 'yan uwansa maza da 'ya'yan baffanninsa duk suna ɗauke da ita. Dollimja suke ce mata, da ita ake gane tsarar mutum a cikin dangi. Ɗan cikinsa ma in aka tambaye shi sunan uba ba zai faɗa a haɗe ba, sai ya rarraba shi gaɓa-gaɓa, yana ƙara “ja” bayan kowace. Ita kanta a unguwarsu maman wance ake kiranta.

Abin da ya fi cina rai, wai ni Bahaushe, ni za a koya wa alkunya! Ni da sunan kakana aka sa mini, shi ya sa duk gidanmu Abba ake ce mini. Ni ne kuma ɗan fari, Inna ko Abban ba ta faɗa. “Wannan yaron” ne sunana a bakinta tun ina rarrafe.

A nan kuwa sunan da ke kan katin zamana kowa ke kira, a karya shi, a ƙara masa wasali inda babu. Ina amsawa.

Ran Juma'a bayan na dawo daga masallacin Itaewon da ke birnin Seoul na kira gida. Inna ta karɓa muka gaisa a taƙaice, ta miƙa wa ƙanwata wayar. Ina jiyo ta daga gefe tana cewa, “Ki tambaye shi ko ya samu rigar sanyin kirki.”