Magariba da rana a sama

Tun ƙarfe takwas na safe jirgin ruwanmu ya tsaya a Longyearbyen, wani gari a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, can ƙuryar arewacin duniya, kuma wallahi da murnata na sauka duk da sanyin da ya dinga shiga ta yatsun ƙafa. Garin ɗan mitsitsi ne, mutanensa ba su kai 3,000 ba, gidaje ja da kore da ruwan ɗorawa an ɗora su kan turaku don kar ɗuminsu ya narkar da daskararriyar ƙasa. Bishiya ko ta magani babu. A bakin gari ga allo mai hoton farin beyar, daga nan ba a wucewa sai da mai bindiga. A gidan tarihi aka ce mu cire takalma, al'ada ce tun zamanin masu haƙar kwal, sai na ji kamar zan shiga ɗakin Inna.

An kai mu ƙofar rumbun da ke cikin dutse inda ake adana irin shuka na ƙasashen duniya, wanda aka buɗe a 2008. Ba a shiga. Amma har da irin waken da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta aiko a ciki, Abban yara ya daɗe tsaye yana kallon ƙofar.

Abin da ya tsaya min a rai kiran Inna ne. Takwas saura a nan, can gida bakwai saura, ina jiyo ladan ta bayanta. Ta ce, "Kin yi magariba kuwa?" Na ce na yi Inna, tun shida da 'yan mintuna, da lokacin Makka kamar yadda Malam ya ce mu bi. Na juya mata kyamara ta ga waje. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ko la'asar ba ta yi sanyi ba." Na ce Inna tun Afrilu ranar nan ba ta faɗi ba, sai wajen ƙarshen Agusta, zagaye kawai take yi saman duwatsu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah. To Allah ya karɓa," ta ajiye waya ta tafi alwala.

Na san fatawar daidai take, ban da shakka ko kaɗan. Amma ɗazu da na shimfiɗa dadduma rana ce tar a kanta, alƙibla ma kudu-kudu take ba gabas ba, na ja labule na rufe duk da haka hasken na leƙowa ta gefe, na yi raka'a ukun nan zuciyata na ta jiran wani abu da bai zo ba. Ashe ni magariba ba agogo ba ne kaɗai, jan nan ne da sama ke yi, da kaji na komawa akurki, da muryar Inna tana cewa ku shigo gida almuru ta yi. Ban taɓa lura ba sai yau.

Abincin dare kifi, ban ci sosai ba.

Yanzu sha biyu ta wuce, jirgi ya ɗaga, Abban yara ya yi barci da ƙyalle a ido. Na sake ɗaga labule, tana nan inda take sama da ruwa.