Aikin Lauya a Zamanin da Waya Ta Zama Shaida

Ofishina ɗaki biyu ne a saman bene a Kano, ni da ƙananan lauyoyi biyu da magatakarda. Rigimar fili da gado da hayar gida su ne suke ciyar da mu, kamar kowane ƙaramin ofishi a garin nan. Amma a 'yan shekarun nan wani aiki ya shigo mana ta hanyar waya, kuma shi ya fi tsaya mini a rai.

Ga yadda yake zuwa. Dattijo zai hawo bene da yamma, hula a hannu, ya ce an kama ɗansa, an karɓe wayarsa, an sa shi ya buɗe ta da yatsansa, an karanta hirarsa ta WhatsApp har da wadda ya yi da matarsa. Shi dattijon beli kawai yake nema. Ni kuwa bayan beli ina da wata tambaya: wa ya ba da izinin shiga wayar?

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta tarho. Gaskiya ne sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita wannan saboda tsaro, kuma duk wanda ya ga abin da masu garkuwa da mutane suke yi da waya ba zai yi musun bukatar hakan ba. To amma da sharaɗi. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 kan sauraron hirar mutane sun ce sai da takardar izinin alƙali, idan kuma gaggawa ta sa aka fara babu ita, a nemo ta cikin awa 48. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kira har shekara 2, sannan tun ƙarshen 2020 aka fara ɗaura kowane layi da lambar NIN. Ke nan wanda ka kira, da lokacin, da unguwar da kake, duk suna ajiye da sunanka. Ikon da ya kai haka, dole a sami mai tsayawa gaban alƙali ya ce a nuna takarda.

Irin wannan ƙarar ba ta kawo kuɗi. Sau da yawa da zarar yaro ya dawo gida, sai uban ya bugo ya ce, “Barista, a bar wa Allah.” Ba na ganin laifinsa, tsoro ne, amma abin yana ci mini rai.

Abin da yake biyan albashi a wannan fanni shi ne dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Makarantu da asibitocin kuɗi suna kiranmu mu tsara musu yadda za su riƙe bayanan jama'a. Na shiga wani asibiti na tarar da rajistar sakamakon gwajin jini a buɗe kan kanta, kowa ya zo biyan kuɗi sai ya leƙa. Muka sa aka sayo kabad mai makulli, muka zaunar da ma'aikata muka koya musu cewa idan bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su, awa 72 gare su su sanar da hukuma. Sai dai dokar ta sassauta wa jami'an tsaro a wurare da dama, shi ya sa ban yarda in saki ƙararrakin sashe na 37 ba.

Yaran da suke fitowa daga makarantar lauyoyi ta Bagauda, yawancinsu banki suke hange ko shari'ar zaɓe. Wanda ya zo wurina, nakan fara ɗora shi kan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, mai magana kan sharuɗɗan karɓar abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, sannan in ba shi takardun bayanan kira na kamfanonin sadarwa ya koyi karanta su layi-layi. Ƙaramar lauyata yanzu ita take riƙe da duk aikin makarantu, ni kuma na sami sararin zuwa kotu.