Daga Kano zuwa Maraɗi da ɗaliban nazarin laifuka

Darasin kwatanta tsarin 'yan sandan ƙasashe yakan ƙare ne a kan allo. Malami ya rubuta cewa Ingila da Wales na da runduna 43, Amurka na da hukumomi kusan 18,000, Faransa kuma ta raba aikin tsakanin 'yan sanda da jandarmomi, wato sojoji masu aikin 'yan sanda. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa. Alhali tsarin nan na Faransa yana nan da ransa a Maraɗi, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Kano, kuma da Hausa ake magana a ofisoshinsa. Shi ya sa muka kwashi 'yan ajin ƙarshe muka tafi, tun kafin rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2023.

Shirin ya fi tafiyar cin lokaci. A lokacin, kowane ɗalibi sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Mota kuma da inshorarta ta ƙetare iyaka da takardar izinin shiga. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wasiƙar neman izini da Faransanci, wadda abokan aikinmu na jami'a a can suka bi da ita ta hannun hukumomin jiha tun da wuri. Jandarma soja ne, ba zai buɗa baki ga baƙo ba sai umarni ya sauko daga sama. A guji Juma'a, domin ofisoshi kan tashi da wuri. Mun bi ta Katsina zuwa Jibiya da rana tsaka saboda halin da hanyar ke ciki, muka buga hatimi a Magama, sai Ɗan Isa. A nan aka karɓe wayoyin ɗalibai aka sa a jaka guda: ɗaukar hoton shinge ko na jami'i shi ne abu na farko da ke jawo wa tawaga tsaiko. Aka kuma koya musu ƙirgen sefa da dala, wato in mai shago ya ce ɗari, tamma 500 yake nufi.

Aikin da muka ba su ɗaya ne. An sace wa manomi san huɗa cikin dare. Ina zai kai kuka, wa zai yi bincike, wa ke da ikon tsare wanda ake zargi, na tsawon wane lokaci, wa zai kai shi gaban alƙali? Sun riga sun rubuta amsar ɓangaren Najeriya kafin mu tashi. Runduna ɗaya ce tak, wadda aka haɗe a 1930, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana kafa wata. Manomin zai je caji ofis, DPO ya ba ɗan sanda mai bincike aikin, a rubuta rahoton farko a kai kotun majistare, kuma sau da yawa ɗan sanda ne zai tsaya a matsayin mai gabatar da ƙara. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu.

A Nijar tambayar farko ita ce, a ina aka yi satar? Cikin birnin Maraɗi aikin komisariya ne, ta 'yan sandan ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. In ƙauye ne, sai birgad, wato ofishin jandarmomi, su kuma ma'aikatar tsaro ke riƙe da su. Akwai runduna ta uku, Garde Nationale, wadda ta samu wannan suna a 2010, mai gadin gidajen kaso da gine-ginen gwamnati da manyan jami'an mulki. Nan ɗalibai suka fara tuntuɓe. Wasu suka rubuta cewa jandarma daidai yake da ɗan kwantar da tarzoma na Najeriya, wasu suka ce 'yan sandan soja ne masu hukunta sojoji. Duk kuskure ne, kuma tushensa ɗaya: neman wa kowane kaki ɗan'uwansa a gida. Jandarma yana karɓar ƙarar farar hula, yana auna hatsarin mota a kan babbar hanya, yana bin sawun ɓarawon shanu, duk da yana ƙarƙashin dokar soja. Najeriya ba ta da irinsa.

A birgad ɗin da aka karɓe mu, wani jami'i ya nuna mana fom ɗin takardar ɗaukar bayani wadda ba a cike ba. A sama akwai gurbin kwanan wata da ƙarfe nawa aka fara tsare mutum, sai tambaya da amsa ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa gurbin sa hannu ko dangwala yatsa. Da Hausa ake tambayar, da Faransanci ake rubutawa, sannan a fassara wa mutum kafin ya dangwala. Wata ɗaliba ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ke tabbatar da cewa abin da aka rubuta shi aka faɗa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta shafi caji ofis ɗinmu inda ake rubutawa da Turanci.

A ganina, babban bambancin ƙasashen biyu ba yawan runduna ba ne. Rabon da David Bayley ya yi a 1985, na runduna ɗaya ko da yawa, mulki daga tsakiya ko a rarrabe, yana da amfani, amma in aka tsaya a kansa Najeriya da Nijar duk daga babban birni ake juya su. Bambancin yana wajen wanda ke riƙe da linzamin bincike. A Nijar ba kowane jami'i ke da ikon tsare mutum ba, sai mai muƙamin jami'in binciken shari'a, kuma ko ɗan sanda ne ko jandarma, a wannan aikin mai shigar da ƙara na gwamnati ne ubangidansa. Tsarewar sa'a 48 ce, ƙari sai da izininsa. Shi ke yanke a saki, ko a kai kotu, ko a miƙa wa alƙali mai bincike in laifin babba ne. A Najeriya kamawa da bincike da kai ƙara na iya zama duk a hannun ofis ɗaya. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai daina ɗauka cewa muhawarar kafa 'yan sandan jihohi ita kaɗai ce maganar gyara.

Washegari muka leƙa Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Dokar Nijar ta 2015 kan sarautar gargajiya ta ba sarakuna ikon sulhu a rigingimun al'ada da na dukiya, har a rubuta takardar sulhun. Rikicin gona da ɓarnar dabbobi da yawa a fada suke mutuwa. Ganin dogarai ya ba mu damar tuna wa ɗalibai 'yan doka na En'e, waɗanda gwamnatin soja ta haɗe cikin rundunar tarayya bayan 1966.

Wannan ne ma dalilin da muka hana su kwatanta alƙaluman laifuka na Katsina da na Maraɗi a rahotonsu. Ƙarar da ta ƙare a gaban hakimi ba ta shiga littafin kowa, kuma abin da dokar wannan ƙasa ta kira babban laifi ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Maimakon haka kowane rukuni ya zana hanyar ƙarar san nan a ƙasashen biyu, ya nuna a kowane mataki wa ya sa hannu, wa ke duba mai sa hannun, sannan ya ware abin da doka ta ce da abin da jami'i ya faɗa da bakinsa. Rukunin da ya gauraya su biyun, an mayar masa da aikinsa ya sake.