Cakulan ɗin da na aika wa Mama

Wata Alhamis ce a tsakiyar Disamba. Na dawo daga aikin dare ina barci, sai wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe ɗaya na rana. Mama ce. Mahaifiyata tana Zariya, ita Hajiya nake ce mata. Wannan Mama wata dattijuwar Baturiya ce da muka yi shekara huɗu katangarmu ɗaya a Manchester kafin mu tashi zuwa wata unguwa. Da na zo haihuwa ta biyu, ba uwa ba 'yar'uwa a kusa, ita ta riƙe min babban yarona kwana uku cur. Tun daga nan na kasa kiran ta da sunanta kamar yadda ake yi a nan, na koma ce mata Mama, ita kuma tana ce min ɗiyarta.

Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Muryarta na rawa ta ce, "Ɗiyata, cakulan ɗin nan giram nawa ne, kuma wane iri ne? Likita ke tambaya."

Kwana biyu kafin nan na yi mata odar cakulan ta intanet, kyautar Kirsimeti, don jadawalin aikina bai bar min ranar da zan kai mata da hannu ba. Na zaɓi baƙin, mai kashi 70 na koko, saboda na san shi take so da shayinta na yamma. Har daɗi na ji da na ga an rubuta kwalin zai shige ta kafar wasiƙa, ba sai ta tashi buɗe ƙofa da ciwon gwiwarta ba.

Wanda bai zauna a Ingila ba sai na ɗan yi masa bayani. Yawancin ƙofofin gidajen nan suna da wata 'yar siririyar kafa a tsakiya mai murfin ƙarfe. Ta nan mai raba wasiƙu ke zura abin da ya kawo, ya faɗi a ƙasa daga ciki. Gidan waya na Royal Mail yana lissafa abin da kaurinsa bai wuce santimita 2.5 ba cikin manyan wasiƙu, muddin tsawonsa da faɗinsa da nauyinsa ba su wuce ƙa'ida ba, shi ya sa 'yan kasuwa suka ƙirƙiro faffaɗan kwali mara kauri: furanni, biskit, cakulan, duk a shimfiɗe. Abin yana da sauƙi, babu sa hannu, babu jiran mai gida. Sai dai wanda yake fara isa bakin ƙofa a gidaje da yawa ba mutum ba ne.

Mama ta fita ganin likitanta da ƙarfe goma da rabi. Da ta dawo, sai ta tarar da yagaggen kwali a kan tabarmar bakin ƙofa, takardun azurfa a warwatse har ƙasan bene, karenta kuma yana ta kai-komo a falo yana haki, ya shanye ruwan kwanonsa tas. Daga allon cakulan biyu na giram ɗari-ɗari, rabin ɗaya kawai ya rage. Ɓangaren kwalin da aka rubuta bayanin kayan ma ya tauna shi, shi ya sa ta kira ni. Na buɗe saƙon odar da hannu na karkarwa na karanta mata.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, lissafin magani da nauyin jiki aikina ne na kullum, don haka tun kafin in sa takalmi na riga na san ba ƙaramin abu ba ne. A cikin koko akwai wani sinadari da ake kira tiyobromin, ɗan'uwan sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa. Ko goron da muke ci yana da ɗan kaɗan daga cikinsa. Jikin mutum kan narkar da shi cikin 'yan sa'o'i, amma na kare sai ya yi kusan awa 17 da rabi kafin ya rage rabin abin da ya shiga jininsa. Likitocin dabbobi suna cewa daga miligiram 20 a kowane kilo na nauyin kare alamu suke farawa: amai, zawo, ƙishirwa, rashin natsuwa. Daga 40 zuwa 50 zuciya ta fara bugawa ba daidai ba. Daga 60 zuwa sama sai jijjiga. Baƙin cakulan yana ɗauke da aƙalla miligiram 5 a kowane giram, ya ninka na madara fiye da sau biyu, farin kuwa kusan babu komai a cikinsa. Karen Mama kilo 12 ne, ya ci giram 150. Ko da mafi ƙarancin lissafi, ya haura 60.

Na same ta a asibitin dabbobi zaune a kujerar roba, igiyar karen naɗe a hannunta, ko rigar sanyinta ba ta cire ba. An riga an yi masa allurar sa amai, don abin da ake so a fitar da shi kafin ya wuce ciki, kuma awa biyun farko su ne masu muhimmanci. Sun ba shi gawayin magani a dame, baƙi ƙirin, wanda ke kama gubar a hanji, suka sa masa ƙarin ruwa, suka ce zai kwana ana duba zuciyarsa. Likitar ta tambaye ni sau biyu ko akwai zabibi a ciki, don zabibi da inabi suna iya kashe ƙodar kare, haka ma wani zaƙi da ake kira zailitol yana da nasa haɗarin. Alhamdu lillahi babu ko ɗaya. Ta ce a wannan watan ba sa hutawa da irin wannan. Daga baya na ga binciken da Jami'ar Liverpool ta fitar a 2017, inda suka gano karnuka na cin cakulan a lokacin Kirsimeti kamar ninki huɗu na sauran lokuta, a lokacin Ista kuma kamar ninki biyu.

Karen ya rayu. Washegari da yamma aka sallame shi da takardar kuɗi ta fam 610. A nan dabba ba ta da asibitin gwamnati kyauta kamar mutum, kuma Mama ta daina biyan inshorarsa tun da ya tsufa kuɗin suka fi ƙarfin fanshonta.

Daga nan maganar wa ke da laifi ta taso, kowa da inda ya nufa.

Wata abokiyar aikina ta ce mai raba wasiƙun ne, ai ya ji haushin kare. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Bawan Allah an ba shi rufaffen kwali da adireshi, bai san abin da ke ciki ba, ba shi da ikon buɗewa, kuma aikinsa ke nan ya zura ya wuce. Su ne ma suka fi kowa shan wahalar wannan kafa: karnuka na kai wa ma'aikatan gidan waya hari kusan sau 2,000 a shekara a Birtaniya, wasu a yatsu ake cizon su daidai lokacin da suke zura wasiƙa. Tun 2014 aka faɗaɗa dokar karnuka masu haɗari ta shafi abin da ya faru har a cikin gidan mutum, saboda irinsu.

Maigidana ya ce in kwantar da hankalina, a doka nauyin na mai kare ne. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba kare ta daga ciwo da rauni da cuta, kuma akwai wani kwandon waya da ake ɗaurawa a bayan kafar don ya tare duk abin da aka zuro, wanda gidan waya da kansa yake shawartar masu karnuka su sa. Mama ba ta da shi. Ita ma abin da ta riƙe ke nan, ta ce laifinta ne, shekara goma tana cewa za ta saya. Amma a shekara goman nan takardun wuta da na ruwa ake zuro mata, kare ya tauna su ba abin da zai same shi.

Kamfanin cakulan ɗin na rubuta musu. Suka amsa da ladabi cewa sun yi baƙin ciki, kuma da zarar kaya ya isa adireshi ya fita daga hannunsu. Har yanzu wannan amsar tana min ciwo. Su suka ƙera kwalin don ya faɗi a ƙasa babu kowa a gida, da shi suke tallar kayansu, a ƙasar da miliyoyin gidaje ke da kare. A bayan kwalin babu kalma ɗaya ta gargaɗi, a shafin biyan kuɗi babu tambaya ɗaya ko gidan da za a kai akwai dabba. Layi guda ne, ba zai ci musu ko sisi ba. Suna da kasonsu, kuma na faɗa musu haka.

Sai dai laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Da na zauna na jera mu huɗu, ni da Mama da kamfani da mai raba wasiƙu, sai na tambayi kaina wa ya san abu biyun nan a haɗe: cewa cakulan ne a cikin kwalin, kuma akwai kare a gidan. Mai raba wasiƙu bai san na farko ba. Kamfani bai san na biyu ba. Mama ba ta ma san wani abu na tafe ba, don so na yi ta gan shi ba zato. Ni kaɗai na san duka biyun. Na san karen, na san kwaɗayinsa, na sha ganin yadda yake rugawa ƙofa da ya ji ƙarar murfin. Kuma na taɓa jin cewa cakulan na cutar da karnuka. Abin da ya faru shi ne ban sa karen a lissafina ba sam. Ban taso da kare a cikin ɗaki ba, a unguwarmu na gadi ne ko na farauta, yana waje, don haka da na tuna gidan Mama ita kaɗai na gani a ciki.

Na kira Hajiya na ba ta labari, ina tsammanin za ta ce a kan kare nake wannan damuwa. Ba ta ce ba. Ta tuna min da hukuncin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Ta ce duba ki gani, nauyin yana bin wanda tsaron ke hannunsa a lokacin. Sannan ta ce, "Ke da kin zuba maganin ɓera a inda kajin maƙwabta ke kiwo, sai ki ce laifin mai kaji ne don bai kulle su ba? Je ki biya, ko rabi ne. Kuma ki tuna an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare ruwa."

Mama ta ƙi karɓar kuɗi daga hannuna. Na kai mata a ambulan ta mayar min cikin jaka, ta ce kyauta ba ta zama bashi. Da na ji asibitin sun yarda ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, sai na je can kai tsaye na biya fam 305. Da ta gane, ta yi mako guda tana amsa min waya a taƙaice, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba, kuma ya dame ni fiye da kuɗin. Na fahimce ta. Mace ce da ta yi rayuwarta ba ta roƙi kowa ba. Ni kuma ba zan iya cin abinci da daɗi ba ina sane tana rage ɗumama ɗakinta a watan Janairu saboda kwalin da na aika.

Asabar ta biyu bayan sabuwar shekara muka je da maigidana da yaran. Ya durƙusa a bayan ƙofa da sukudireba yana ɗaura kwandon waya, karen na tsaye a kansa yana shinshina kowane ƙusa. Da ya gama, babban yarona ya fita waje ya zuro tsohuwar jarida don gwaji. Murfin ya yi ƙara, karen ya rugo kamar kullum, jaridar ta tsaya a cikin kwandon, ya yi ta ɗaga kai yana kallon ta. Mama ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa, ta ɗauko rabin allon da ya rage daga saman kabad, inda ta ɓoye shi tun ranar, ta kakkarya mana a faranti, ta ce in ɗora ruwan shayi.