Kolbak ɗin da bai san gidansu ba

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu, aikinmu rubuta manhajar da ke zama cikin ƙananan na'urori, mita ne, sensa ne, allon da ke juya injin ne, duk muna taɓawa. Rabin rayuwarmu a tsakanin yarukan rubuta manhaja na C da C++ take ƙarewa, kuma duk yaron da ya zo neman aiki wurina tambaya ɗaya nake fara yi masa: ga laburaren C, wato tarin kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, yana son fointa, wato adireshi, na fankshin zalla, kai kuma bayananka na cikin objek, wato ƙunshin bayanai da fankshin ɗinsu na C++, ya za ka yi kolbak ɗin, wato fankshin ɗinka da laburaren zai kira in abu ya faru, ya kai gare su?

Laburaren C adireshin fankshin kawai yake karɓa, in abu ya faru ya kira shi. Fankshin ɗin da ke cikin kilas kuwa, wato tsarin da ake ƙera objek da shi, kullum ana miƙa masa this a ɓoye, shi ke gaya masa wane objek yake wa aiki, laburaren kuma bai san da wani this ba, shi ya sa kamfaila, mai fassara kod zuwa yaren na'ura, ke ƙi tun daga bakin ƙofa.

Ni a Windows na fara shan wannan wahalar ina ɗan koyo. Na yi tagogi biyu, na danna maɓalli a ta farko sai ta biyu ta amsa, na kwana biyu ina zargin kwamfutar. Ogana ya leƙo ya ce, "kai, wa ya gaya wa fankshin ɗin nan gidansu?" Ya nuna min in cusa this a gurbin ƙarshe na CreateWindowEx, in cafke shi lokacin da Windows ta turo saƙon WM_NCCREATE, in ajiye da SetWindowLongPtr a GWLP_USERDATA, duk saƙon da ya zo in ciro shi. Na yi, manhajar ta faɗi nan take. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ashe WM_GETMINMAXINFO na riga WM_NCCREATE isowa, fointan ba komai a cikinsa tukuna. Tun ranar ban ƙara taɓa fointa irin wannan ba sai na duba shi.

Yadda muke yi yanzu kenan a ko'ina. Laburare mai mutunci yana barin gurbin void* kusa da kolbak, wato fointan da za ka zuba adireshin kowane irin abu ya dawo maka da shi lokacin kira, pthread_create na da shi, sqlite3_exec na da shi, libcurl na da CURLOPT_WRITEDATA, xTaskCreate na FreeRTOS ma haka. Sai mu rubuta ɗan fankshin static mai layi biyu, ya karɓi void* ɗin, ya mayar da shi asalinsa da static_cast, ya miƙa aikin ga objek ɗin. Tun C++11 ma lambda, wato ɗan fankshin marar suna, da bai kama komai ba yana rikiɗa ya zama fointa na fankshin, amma da ka sa ya kama this shi kenan, ya ƙi, yara da yawa nan suke tuntuɓe.

Masu karya farashi kuwa ba ruwansu da duk wannan, gulobal ɗaya, wato ma'ajin da ko'ina a kod ke iya taɓawa, za su dasa a saman fayil su zuba objek a ciki, a gwada da sensa ɗaya ya yi aiki, a biya su su ɓace. Wani kwastoma ya kawo mana irin wannan, ya ƙara sensa ta biyu sai duka biyun suka koma ba da lamba ɗaya, don ta biyun ta danne ta farko a gulobal ɗin. Da na faɗi kuɗin gyara sai ya ce haba oga, ai layi goma ne. Eh layi goma ne, amma mu muka bi muka tabbatar ana cire rajistar kolbak kafin objek ya mutu, don in ya mutu laburaren na riƙe da adireshinsa, na'urar za ta yi wata guda lafiya lau sannan wata rana ta sume ba dalili, kuma mu zai kira.

Abin da ya fi ci min rai dai masu sayar mana da guntayen lantarki ne da laburarensu. A ce kamfani ya ƙera cif mai tsada, ya ba ka kolbak babu gurbin void* ko ɗaya! qsort, fankshin ɗin C na jera abubuwa, tsoho ne, an yafe masa, ko da yake qsort_r da aka yi don toshe gurbin ma jerin abubuwan da ake miƙa masa a glibc na Linux daban, a macOS daban. attachInterrupt na Arduino ma bai karɓar void*, sai a irin su ESP32 ka samu attachInterruptArg. In muka haɗu da irin wannan muna sa tamfilet na C++, mai fitar da kod iri ɗaya kashi-kashi, ya haifo mana ƙananan fankshin, kowane da lambarsa, kowace lamba da gurbinta a tebur, duk objek ɗin da ya yi rajista ya kama gurbi ɗaya, in ya tashi ya saki. Ba kyau a ido, amma sensa takwas sun zauna a allo ɗaya ba wadda ta shiga gonar wata.

Na rubuta wa wani mai cif irin wannan sau uku kan su ƙara gurbin nan, amsar da suka turo ita ce in yi amfani da gulobal.