Wasiƙa daga Stuttgart: Ashe Marsandi sunan yarinya ne

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Mu nan sai godiya, sanyi ne kawai ya hana mu sakat.

Ranar da na sauka Stuttgart ta ƙasar Jamus, abin da ya fara ɗaure mini kai tasi ne. Marsandi ce jere reras, direbobi na hamma suna jiran fasinja. Ni kuwa a unguwarmu na taso, inda in Marsandi ta shigo sai mu yara mu bi ta da gudu muna leƙen gilashi, har direban Alhaji ya fatattake mu. Nan garin ne gidanta, don haka Asabar ɗin da ta wuce na je gidan tarihin kamfanin, wanda aka buɗe a 2006 daf da masana'antarsu ta Untertürkheim. Lif ne zai kai ka can ƙololuwa, kana fitowa ka yi kiciɓis da doki. Daga kansa ake soma labarin, sai ka yi ta gangarowa kana zagayawa.

Mutum biyu ne tushen abin. Carl Benz yana Mannheim, ya yi wa kekensa mai ƙafa uku da inji rajista ranar 29 ga Janairun 1886. Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach kuma suna nan Cannstatt, a wani ɗan ɗaki cikin lambu, suka ɗora inji a kan keken doki a shekarar dai. Kowa nasa yake yi. Daimler ya rasu a 1900, kamfanonin biyu kuwa ba su haɗe ba sai 1926, bayan yaƙin duniya na farko da tsadar da ta biyo baya sun gigita Jamus.

Amma ni wadda ta tsaya mini a rai ita ce Bertha, matar Benz. Kuɗin da aka ware mata na aure ta zuba a sana'ar mijin, ga mota an ƙera, masu saye babu. A watan Agustan 1888 ta tashi da asuba, ta ɗebi 'ya'yanta samari biyu, Eugen da Richard, suka turo motar waje a hankali don kada maigida ya farka. Ta nufi Pforzheim wajen mahaifiyarta, tafiyar kilomita 106. Ku tuna, ba gidan mai ko ɗaya a duniya a lokacin. Da mai ya ƙare a Wiesloch, kemis ta shiga ta sayi wani ruwan cire tabon tufafi mai suna ligroin ta ɗura. Bututun mai ya toshe, ta zaro tsinken hularta ta zungure shi. Katakon birki ya cinye, ta nemi baduku ya buga masa fata. In sun zo hawa, samarin su sauka su tura. Sai bayan faɗuwar rana suka isa, ta aika wa mijin saƙon tangaraho. Ina tsaye gaban keken nan na ce a raina, wallahi wannan baiwar Allah da kanikawan bakin titi na gida uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Sunan fa? Wani attajiri ne, Emil Jellinek, ɗan Ostiriya mazaunin Nice a Faransa, mai son tseren mota. A 1900 ya yi odar mota 36 daga kamfanin Daimler, da sharaɗin a sa musu sunan 'yarsa Mercédès, wadda aka haifa a 1889. Aka yi wa sunan rajista a 1902. Shi kansa uban daga baya ya liƙa sunan 'yar a jikin nasa, ya koma Jellinek-Mercedes. Tauraron nan mai tsini uku da muke shafawa muna yara kuwa, ƙasa da ruwa da sama yake nufi, wato inda injinansu za su yi aiki.

Akwai inda labarin ya yi duhu, kuma ba su ɓoye shi ba. Zamanin Hitler kamfanin ya ƙera wa sojoji manyan motoci da injinan jiragen yaƙi, aka sa dubban fursunoni da mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye aikin dole a masana'antunsa. Shi kansa Hitler a Marsandi 770 yake yawo. Na daɗe a wajen, jikina ya yi sanyi. Auren da kamfanin ya ƙulla da kamfanin motoci na Chrysler na Amurka a 1998 ya mutu a 2007, wannan kam ban ɓata lokaci a kansa ba.

Da na iso sashen manyan motoci, sai idona ya shiga neman 911, gingimarin nan mai gajeren hanci da ke dakon shanu da albasa zuwa kudu ta dawo da goro, irin wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Inugu. Ita ce Marsandin da talaka ya fi sani, don ita ya hau. Na taɓa kwana a bayanta kan buhunan masara, ƙaren mota na rera waƙa har gari ya waye.

A gaida mini kanikawa da direbobin tasha, a ce musu na ga inda aka haifi tsohuwarsu.

Naku,
ɗan uwanku a Stuttgart