Foyil ɗin ya kama a ƙarshe, baƙaƙen ɗigon nan sun tafi

'Yan uwa masu katin Barka da Sallah, yau kam na samu yadda nake so alhamdulillah. Jinjirin watan da ke jikin katin ya fito zinare sumul, ba ɗigo ko ɗaya, har sai da na kira maƙociyata ta zo ta gani.

Duk mai yi da firintar leza da injin laminetin ya san ciwon nan, ka buga zane da baƙi, ka ɗora foyil (siririyar ledar nan mai ruwan zinare) ka tura a injin, ka ɓare ka tarar da baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa garin gawayi a cikin zinaren. Rubutun sirara lafiya lau yake fitowa, amma duk inda baƙin yake da faɗi, wata ko ƙubbar masallaci, nan ake samun matsala. Da farko na zargi kwalin, na bar mai kaushin nan na koma mai santsi giram 250, ya ragu amma bai tafi ba. Na shiga saitin firinta na sa takarda mai kauri don hodar tona, wato tawadar firintar, ta narke ta zauna sosai, na ƙure duhun bugun, na dinga goge kati da ƙyalle kafin in ɗora foyil saboda ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta hana shi mannewa a gurin. Duk da haka wani katin ya yi kyau wani ya ɓaci, zane ɗaya kwali ɗaya, abin ya ishe ni wallahi har na ajiye komai na tashi.

Ashe wuta ce. Da yamma wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi, fanka ma da ƙyar take juyawa, injin laminetin zai kunna koriyar fitilarsa wai ya shirya alhali robobin ciki ba su ɗau zafin da zai narka tona ba, shi kuma foyil ai sai tona ta yi danƙo yake kamawa. Da na jona a janareta na bar shi ya ƙara kamar minti 10 bayan fitilar ta kama, na tura katin sau biyu cikin farar takarda a ninke, na biyun na juya shi ta gefe, sannan na bari ya huce kafin in ɓare, shi ke nan fa. Waɗanda suka ɓaci ma na ceto da yawa, guntun foyil za ka ɗora a kan ɗigon ka rufe da takarda ka sake turawa, yana cikewa, sai dai in ka karkata shi a haske za ka ɗan ga alama.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne nadin foyil guda da mai shago ya rantse min zai yi, ashe irin na injin dannawa da ƙarfe mai zafi ne, a kan tona sai ya kama nan ya saki can. Ya tafi da kuɗin kwalin da na ware, ga man janareta yanzu ya shigo lissafi, dole farashin kati ya ɗan hau.

Ambulan ban ko taɓa ba tukuna. Sabuwar damuwata ninki, kwalin giram 300 yana tsagewa a gadon baya ko na ja layi da bayan wuƙa, kuma zanen da ya ratsa ninkin foyil ɗinsa na fashewa. Na matsar da zanen gaba ɗaya zuwa fuskar kati, amma tsagewar kwalin tana nan, dan Allah wanda ya shawo kanta ya faɗa min da me yake jan layin.